Tsakanin Aminina da Maiɗakina: A Ina Za Mu Kafa Tanti?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗan Jos ne, ina karatun digiri na uku a wani gari a Ingila. Tun ina yaro nake son hawan dutse, mun sha hawa duwatsun Shere da abokai, amma a nan na koyi hawa da igiya. Wanda ya koya mini ɗan garinmu ne, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, a ɗakinsa na zauna kafin in sami nawa, shi kuma ya saya mini takalmin hawa na farko. Yanzu mun shirya fita mu shida a hutun watan Afrilu, kwana biyu, zuwa dutsen Stanage da ke gandun Peak District, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ƙasa daga garin da muke. Ni aka ɗora wa neman wurin kwana.

Yaya ya dage sai mun kafa tantuna a gindin dutsen, cikin daji, inda ba za mu biya ko kwabo ba. Ya ce sansanin da ake biyan kuɗi na ragwaye ne, kuma shi ya taɓa kwana a can ba wanda ya ce masa uffan. Matsalar ita ce maiɗakina za ta bi mu. Ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, ba ta taɓa kwana a tanti ba, sanyi kuma yana wahalar da ita. Na tambaye ta, ta ce duk abin da na yanke daidai ne, amma tun ranar ta daina ɗauko zancen tafiyar. Akwai wani abokinmu da matarsa, sai wani ƙaninmu ɗalibi da ba shi da ƙarfi sosai, shi ma ya fi son wurin kyauta. Na ga wani sansani mai suna North Lees kusa da dutsen, amma na kasa buɗe baki in faɗa wa Yaya. Tsorona kada ya ce aure ya canza ni, ko na manta alheri. Har na fara tunanin in ce mata ta zauna a gida, a huta. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wani ƙaninki a Ingila

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin wasiƙarka, domin ta nuna mini mutum mai riƙon alheri, mai kuma lura da fuskar matarsa. Amsar da zan ba ka a kan wurin kwana gajera ce: ka kama wuri a sansanin da ka gani, ka kama shi da wuri. Ina zaton kai ma ka riga ka san haka tun kafin ka rubuto. Abin da ya tsaya maka a wuya shi ne yadda za ka kalli mutumin da ya riƙe ka a ranar da ba ka san kowa ba, ka ce masa a'a. Saboda haka zan ba ka hujjoji da za ka tsaya a kansu, sa'annan mu zo ga maganar zumunci, wadda ta fi nauyi.

Tunanin nan na barin ta a gida, ka fitar da shi daga ranka tun yanzu. Mace ta baro iyayenta da danginta, ta biyo ka ƙasar da ba ta san kowa ba, ta wuni a ɗaki tana jiran ka dawo daga makaranta, sannan fita ta farko da za ta ga wani abu ban da titi da kanti a ce mata ta zauna, don kawai kada ran abokinka ya sosu? Ba lallai ta yi maka gardama ba. Za ta ce ba komai, ta haɗa maka guzuri, ta raka ka bakin ƙofa. Amma za ta gane inda aka ajiye ta, kuma irin wannan abu yakan daɗe a zuciya. Idan ita da kanta ta ce ba ta son zuwa, wannan magana ce daban. Kai dai kada ka zama mai rufe mata ƙofa.

Kalmar da ta faɗa maka, wai duk abin da ka yanke daidai ne, tarbiyya ce da kunya, ba yarda ba ce. Ka tambaye ta a gaban tsari da aka riga aka gama, ta kuma san girman Yaya a wurinka, to me kake so ta ce? Ka sake tambayarta, amma ku biyu kaɗai, a lokacin da hankalinta yake kwance, kuma ka sauƙaƙa mata amsa. Maimakon ka ce kin yarda mu kwana a daji, ka ce mata: me ya fi damun ki a tafiyar nan? Ka nuna mata hotunan wuraren biyu a waya. Na san abin da zai fara fitowa daga bakinta, ko da a kaikaice: makewayi. Ku maza ba kwa kawo wannan a lissafi. Gindin Stanage fili ne fetal na ciyawa da gajerun tsirrai da duwatsu, masu yawo da karnukansu suna wucewa tun sassafe har faɗuwar rana, kuma babu inda mace mai sutura za ta fake ta kama ruwa hankali kwance. Ka ƙara da cewa kwanakin na iya faɗowa cikin al'adarta, abin da ba za ta taɓa faɗa a gaban abokanka ba. Matar abokinku ma da wuya a ce ba ta cikin wannan tunani, wataƙila kowaccensu na jiran ɗayar ta fara magana. Ka haɗa su su yi waya tun yanzu, za ka ga yadda shirin zai sauƙaƙa. Idan kuwa akwai alamar juna biyu, to maganar hawa da igiya sai da izinin likita, ta iya zuwa ta sha iska ta yi kallo.

Yanzu ga abin da ya kamata Yaya ya ji, domin magana ce ta doka, ba ta ra'ayi ba. A Ingila, dokar shekarar 2000 da ta buɗe wa jama'a tsaunuka da filayen daji ta ba ku damar ku yi tafiya a ƙasa, ku hau dutse, ku zauna ku ci abinci. Kwana da tanti kuwa ta cire shi a fili daga cikin abin da ta halatta. Sai da izinin mai fili. Wuri guda da aka sani da wannan 'yanci a Ingila shi ne wasu sassan Dartmoor, can kudu maso yamma, inda Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da shi a watan Mayun 2025. A Sikotilan kuma dokarsu ta 2003 ta yarda da shi bisa sharuɗɗa. Peak District, wanda shi ne gandun ƙasa na farko da aka kafa a Birtaniya a 1951, ba ya cikin waɗannan. Ban ce za a ɗaure ku ba, don a mafi yawan lokuta shiga filin wani ba da izini ba ƙara ce tsakanin mutum da mutum. Amma ma'aikatan gandun ko mai filin na da ikon tashin ku, kuma in aka yi taurin kai abin na iya kaiwa ga 'yan sanda. Ka hango kanka da daddare, ana haska ku da tocila, kana naɗe jiƙaƙƙen tanti matarka na tsaye tana rawar ɗari. Kai baƙo ne da ke zaune da takardar izinin karatu, ba ka da buƙatar ko da ƙaramar hatsaniya da hukuma. Cewa da Yaya ya yi ya taɓa kwana lafiya, na yarda da shi. Mutum ɗaya da ya shige jakar barcinsa bayan duhu ya tashi kafin gari ya waye ba ya ɗaukar ido. Mutum shida da tanti uku da tukunya a kan wuta, daga bakin titi ake hango su.

Akwai kuma dalilin da ya sa watannin nan suka fi sauran tsanani. Daga ƙarshen Maris wani tsuntsu baƙi mai farin zane kamar jinjirin wata a ƙirji, wanda suke kira ring ouzel, yakan dawo daga inda ya yi hunturu, har da tsaunukan Atlas na Maroko, ya yi sheƙa a tsagogin Stanage da duwatsun da ke kewaye. Yawansa ya ragu ƙwarai a Birtaniya. Masu hawan dutse da kansu, ta hannun majalisarsu ta BMC, suke sa ido a kan sheƙunan, suna kafa ƙananan alluna a gindin hanyoyin da ake so a ƙaurace musu har 'ya'yan su tashi. Mutanen da suka kwana a gindin dutse suna kai da komo, suna iya sa uwa ta gudu ta bar ƙwai ya huce. Kafin ku tashi, ku duba shafin BMC na bayanin wuraren hawa, ku ga inda aka ce a kauce. Lokacin haihuwar tumaki ne kuma, duk ƙofar shinge da kuka buɗe ku mayar da ita yadda kuka same ta.

Sai wuta. Na san mu, ba za a haɗu mutum shida a daji ba sai wani ya kawo shawarar gashin nama. A wannan lokaci busasshiyar ciyawar bara tana nan kwance a kan tudu, ƙasar da ke ƙarƙashinta kuma irin wadda ke cin wuta ce a ɓoye har kwanaki bayan an zaci ta mutu. Gobarar da ta cinye wani babban yanki na Marsden Moor, wani tudun ciyawa irin wannan a arewacin Ingila, a watan Afrilun 2019, da murhun gashin nama aka danganta ta. Kada ku kunna komai a kan tudun nan. Ko a sansanin ma, ku tambayi abin da aka yarda da shi kafin ku sayi gawayi.

Bari in ɗan daɗe a kan sanyi, don nan ne mutanen Jos kuke ruɗin kanku. Kun saba da hunturun Filato, kuna ganin kun gama sanin sanyi. Wancan busasshe ne, da rana ta ɗaga ya sake ka. Na can jiƙaƙƙe ne, yana tafe da iska, yana shiga tufafi ya zauna. A watan Afrilu rana na iya yin haske mai daɗi har mutum ya cire rigar sanyi, da dare kuma ma'aunin zafi ya sauko kusa da sifili, a wayi gari raɓa ta daskare a jikin tanti. Stanage doguwar katanga ce ta dutse, kusan kilomita 6, ƙololuwarta da ake kira High Neb tana da tsayin mita 458 daga teku, kuma ta fuskanci yamma, inda mafi yawan iska da ruwan ƙasar suke fitowa. Kowane mita 150 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri ɗaya, kafin a zo maganar iska. Wurin da Yaya yake so shi ne daidai inda iskar take sauke ƙarfinta. North Lees kuwa yana ƙasa, a cikin kwari, itatuwa sun kare shi. Hukumar gandun ce take kula da shi, akwai famfo, banɗaki da wurin wanka. Daga nan zuwa gindin dutsen tafiya ce ta kimanin rabin awa a ƙafa, hawa ne amma ba mai tsanani ba. Ƙauyen Hathersage na ƙasa da shi, akwai kantuna da tashar jirgin ƙasa a kan layin da ya haɗa Sheffield da Manchester. Ma'ana, in wani ya ji ba zai iya ba, akwai hanyar komawa gida ba tare da an wargaza tafiyar kowa ba. Ga wanda ya fita da sababbin shiga, wannan kaɗai ya isa hujja.

Da kun isa, kada ku jefa tanti a inda kuka fara tsayawa. Ka zaga filin da ƙafarka. Ka guji loko da bakin rafi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, takan gangaro ta taru a ƙasa cikin dare, ruwan sama ma nan yake bi. Ka nemi ɗan tudu mai shimfiɗe, ka taka ka ji ko ƙasar na nutsewa, ka ɗaga kai ka tabbata babu busasshen reshe a samanku. Ƙofar tanti ta juya wa iska baya. Naku da na abokinka da matarsa su kasance kusa da banɗaki gwargwado, yadda matan za su iya raka juna da dare, tantin Yaya da ƙaninku kuma ya ɗan ja gefe don kowa ya sake. Ku isa da sauran rana. A tsakiyar Afrilu sai wajen ƙarfe 8 take faɗuwa, kuna da lokaci, amma wanda bai taɓa kafa tanti ba ya gwada a falo ko a tsakar gida tun kafin ranar.

Abu biyu ne za su sa maiɗakinka ta yi barci ko ta kwana tana juyi. Na farko abin da ke ƙarƙashinta, don ƙasa ce ta fi zuƙe ɗumin jiki, saboda haka a sama mata shimfiɗa mai kauri, ko a ninka biyu. Na biyu jakar barci. Idan ka duba jikin jaka mai kyau za ka ga lambobi uku na ma'aunin sanyi. Ta farko ita ce inda mace za ta yi barci cikin jin daɗi, ta biyu iyakar juriyar namiji ce yana ƙudundune, ta uku kuwa ta tsira da rai ce kawai. Masu sayarwa sukan fi nuna ta biyu ko ta uku. Kai ta farko za ka duba, kuma ta kasance sifili ko ƙasa da haka. Ka haɗa mata da hula, safa busasshiya da ba a taka da ita ba sai lokacin kwanciya, da robar ruwan zafi da za ta rungume. Ina roƙon ka da babbar murya, duk tsananin sanyi kada wani ya shigar da risho ko murhun gawayi cikin tanti, ko da wutar ta yi kamar ta mutu. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci, kuma an sha rasa rayuka ta haka a sansanoni. Idan ka ga duk da wannan hankalinta bai kwanta ba, sansanin na da 'yan ƙananan bukkoki na katako da ake haya, ka tambaya ko akwai wadda ba a kama ba. In babu, ku biyu ku kama ɗaki a Hathersage ko wani ƙauye a kwarin, ku haɗu da sauran da safe. Babu abin kunya a ciki.

Sallah ma tana cikin lissafi. Alfijir na ketowa wajen ƙarfe 4, lokacin da sanyi ya fi cizo. Ku cika fulas da ruwan zafi tun dare don surka na alwala, ku tafi da buta da leda mai kauri da za a shimfiɗa ƙarƙashin sallaya, don ciyawar a jiƙe take. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. Tunda tafiyarku ta kusan awa biyu ce a jirgin ƙasa, da alama ta wuce nisan da ake yin ƙasaru, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya ya kai kimanin kilomita 80, zaman naku kuma bai kai kwana huɗu ba, amma ka auna nisan ka tabbatar wurin malaminku. Nama kuma ku sayo na halal tun daga birni.

To, mu zo ga Yaya. Ina so ka yi masa adalci a zuciyarka kafin ka yi masa magana. Abin da yake nema abu ne mai kyau: ya buɗe ido ya ga dutse a gabansa, babu motsin kowa, ya taɓa shi da sanyin safiya lokacin da irin wannan dutse mai kaushi ya fi riƙe hannu da takalmi. Wanda ya ɗanɗani wannan ba ya mantawa, kuma so yake ku ɗanɗana. Akwai kuma abin da wataƙila ba zai faɗa ba. A da ku biyu kuke fita, kai ne ɗalibinsa kuma abokin tafiyarsa a ƙasar da aboki ke da tsada. Yanzu ka yi iyali, lokacinka ya rabu. Ba mamaki dagewar nan tasa hanya ce ta gwada ko har yanzu yana da wuri a wurinka. Idan haka ne, gardama a kan doka da ma'aunin sanyi kaɗai ba za ta warkar da shi ba. Sai ya ji daga bakinka cewa matsayinsa na nan.

Kada ka yi maganar a zauren WhatsApp na tafiyar, inda zai ji an kayar da shi a gaban ƙanne. Ka je ka same shi, ko ka gayyato shi gida ya ci tuwon amarya, bayan an ci ku keɓe. Ka fara da abin da yake gaskiya: Yaya, duk abin da na sani a hawan dutse kai ka koya mini, kuma ba zan iya fita da iyalina ba in ba ka cikin tafiyar. Sa'annan ka faɗi hukuncinka kai tsaye, a matsayin naka: na duba, na ga ba a yarda da kwana a gindin dutsen ba, ga mata biyu tare da mu, don haka na yanke mu sauka a North Lees. Ka lura, na ce ka ce na yanke. Kada ka ce ita ce ba ta so, ko ita ce ba za ta iya ba. Ranar da ka jingina abin a kanta, ka sa ta zama wadda ta ɓata wa maza shiri, kuma za ta ga hakan a idon kowa tsawon kwana biyun. Kai aka ba alhakin wurin kwana, kai za ka ɗauki nauyin zaɓin.

Bayan haka ka miƙa masa abin da yake nasa. Tafiya da gwani mai daɗi ce, kuma a kan dutse shi ne gwanin. Shi zai zaɓi ɓangaren da za a hau, shi zai tsara igiyoyi, shi zai ce wane ne ya isa ya hau wace hanya. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Stanage na da hanyoyin hawa fiye da dubu, galibinsu gajeru da ba su wuce mita 20 ba, amma al'adar wurin ba a kafa ƙusoshi a jikin dutsen, mai hawa shi yake cusa kariyarsa a tsagogi yana tafe. Saboda haka sababbi sai dai a sako musu igiya daga sama, kowa da hular kwano, mai hawa da mai riƙe igiya. Ku zauna da shi ku ƙirga tsakani da Allah: mutum nawa ne cikinku suka iya ɗaure igiya a sama yadda za a amince a rataya rai a kanta? In shi kaɗai ne, nauyin ya yi masa yawa, ku haɗa kuɗi ku ɗauki malami mai shaidar Mountain Training, hukumar da ke tantance masu koyar da hawan dutse, ko da na wuni ɗaya ne. Ka kuma yi masa tayin abin da yake marmari: da asuba bayan sallah ku biyu ku hau, ku sami dutsen babu kowa, ku yi awa biyu ku sauko a yi karin kumallo tare. Sannan ku sa ranar wata fita ta ku kaɗai zuwa Sikotilan ko Dartmoor, inda za ku kwana a daji da izinin doka. Ka sa ranar da gaske, ka rubuta ta, kada ta zama alkawarin kawar da zance.

Ƙaninku ɗalibi kuwa, matsalarsa ita ce ta fi sauƙin magani, muddin ba a tona shi ba. Kada a tambaye shi a gaban mutane ko zai iya biya. Kai da abokinka ku lissafa kuɗin wuri da na abinci a dunƙule, ku ɗauke kasonsa ko rabinsa, ku ce masa shi aikinsa dafa shayi da ɗaukar igiya. Tanti da jakar barci ba sai an saya ba, ƙungiyoyin hawan dutse na jami'o'i da yawa suna ba mambobinsu aro, ya tambaya a tasu. Tikitin jirgin ƙasa ma in an saya da wuri yakan fi sauƙi, akwai kuma katin rangwame na ɗalibai. Kai da aka taɓa saya wa takalmi, ka san daɗin a rufa wa mutum asiri ba tare da an yi shela ba.

Ka yi sauri wajen kama wurin, domin sansanin ba shi da girma, hutun Ista kuma lokacin cunkoso ne. Ka faɗa musu ku shida ne da tanti uku, ka tambayi ƙa'idarsu a kan rukuni, da sharaɗin mayar da kuɗi in an fasa. Kwana biyu kafin tafiya ka fara bin hasashen da Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, ke fitarwa musamman don tsaunukan Peak District, kada ka dogara da na garin da kuke. In iska ta yi yawa a Stanage, Yaya ya san duwatsun Froggatt da Lawrencefield da ke kusa sun fi samun kariya. In ruwa ya sauka, jiƙaƙƙen dutse ba wurin koyo ba ne, ku shiga jirgi zuwa Sheffield, tafiyar kimanin minti 20 daga Hathersage, ku wuni a ɗaya daga cikin zaurukan hawa na cikin gari. Sabis ɗin waya yakan yi rauni a kwarin, don haka ku bar wa wani a gida bayanin inda kuke da ranar dawowa. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, 999 ake kira, a nemi 'yan sanda, a ce musu ana buƙatar masu ceto na tsauni. Kowane dare kuma ku duba jikinku saboda kaska, tana cikin ciyawar nan kuma tana iya ɗauke da cuta.

Mai yiwuwa duk da ladabin da za ka yi, Yaya ya ɓata rai, ya ce to ku tafi, shi ya fasa. In haka ta faru kada ka janye hukuncinka, kada kuma ka mayar masa da zafi. Ka ce masa wurinsa na nan, ka biya kuɗin tantinsa ka bar shi a buɗe, ka ci gaba da gaishe shi kamar kullum, ka kira shi ana gobe tafiya. In bai zo ba, kada ku yi kasadar ɗaure igiya da kanku, ku nemi malami ko ku mayar da fitar ta yawon ƙafa a saman dutsen, akwai hanya mai kyau da ta bi gefensa. Da kun dawo ka kai masa ziyara da ɗan tsaraba, kai da maiɗakinka tare. Ina kyautata zaton ba za a kai ga haka ba, domin wanda ya ɗauki baƙo ya ajiye a ɗakinsa ba mai ƙaramar zuciya ba ne.

Ka fara da ita yau da daddare, Yaya kuma kafin mako ya ƙare. Ka gaishe mini da ƙanwata, ka ce mata ta tafi da safa fiye da yadda take zaton za ta buƙata. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya ƙara danƙon zumunci.